Yadda Piyano Ya Karɓi Ragamar Kiɗan Black Country, New Road

A ranar 31 ga Janairun 2022, ana saura kwana huɗu kundin waƙoƙinta na biyu ya shiga kasuwa, ƙungiyar makaɗan Ingila mai suna Black Country, New Road ta wayi gari ba ta da mawaƙi. Isaac Wood, wanda shi ke rubuta baitocin kuma shi ke rera su, ya sanar da cewa ya ajiye aikin saboda ƙuncin zuciya da yake fama da shi. Sauran mutum shida suka soke rangadin da suka shirya yi a Amurka, sannan suka yanke wata shawara da ba kasafai ake jin irinta a wannan sana'a ba, wato ba za su ci gaba da kaɗa waƙoƙin da suka yi tare da shi a gaban jama'a ba. Ke nan ƙungiyar da ta yi suna da kundi biyu ta koma ba ta da waƙa ko ɗaya da za ta hau dandamali da ita. Abin da ta cike giɓin da shi, kamar yadda aka ji a kundin Live at Bush Hall na 2023 da Forever Howlong na 2025, shi ne kiɗan da piyano ke jan akalarsa, mai sassa da yawa, mai sauya kari ana tsakiyar tafiya, irin wanda masu sharhi ke dangantawa da salon furog (progressive rock a Turance, wato kiɗan rok mai dogayen waƙoƙi da sarƙaƙƙen tsari) na shekarun 1970.

Masu saurare da dama sun ɗora wannan sauyi kacokan a kan tafiyar Wood, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Sai dai bayanin nasu bai kai ƙarshen zancen ba, domin akwai ƙungiyoyi bila adadin da suka rasa mawaƙi suka nemo wani suka ci gaba da kiɗansu yadda yake. Tambayar da ta fi dacewa ita ce me ya sa rashin murya guda ya kai ga sauya kayan kiɗan da ake gina waƙa a kansa, kuma me ya sa sauya wannan kayan kiɗa ya ja tsarin waƙoƙin gaba ɗaya zuwa wani gida da asalin kiɗan indi, wato kiɗan ƙungiyoyin da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni, ya taso yana ƙyama.

Sai an koma baya kaɗan za a ga girman abin. Salon furog ya kafu a Birtaniya a ƙarshen shekarun 1960, kuma ana yawan ɗaukar kundin farko na King Crimson na 1969 a matsayin mafarinsa. Ƙungiyoyi irin su Yes da Genesis da Emerson, Lake and Palmer sun ɗauki kiɗan rok suka shimfiɗa shi ya kai minti goma ko ashirin, suka aro tsarin kiɗan gargajiyar Turai mai babi-babi, suka kuma sa mai piyano da sauran kayan maɓallai a tsakiyar fage. Abin ya kai ga almubazzaranci, har a wani babban taro a California a 1974 aka ɗaga Keith Emerson sama tare da piyanonsa yana juyawa a iska yana kaɗawa. Kiɗan punk da ya ɓarke a 1976 da 1977 martani ne ga irin wannan taƙama: waƙa ta minti biyu ko uku, jita da ganga da ihu, ba sai ka je makarantar kiɗa ba. Daga cikin wannan yunƙuri ne kiɗan indi ya fito, lokacin da ƙungiyoyi irin su Buzzcocks suka fara buga faifansu da kansu a farkon 1977, ƙananan kamfanoni irin su Rough Trade suka riƙa rarraba su ba tare da manyan kamfanoni ba. Saboda haka duk ƙungiyar indi da ta rungumi piyano da dogayen waƙoƙi masu rassa, ta koma ne ga abin da kakanninta a sana'a suka yi wa tawaye.

Black Country, New Road ta kafu a 2018 daga ɓaraguzan wata ƙungiya ta matasan yankin Kambirij mai suna Nervous Conditions, kuma ta yi suna ne a wani ƙaramin gidan wasa da ake kira Windmill a unguwar Brixton ta kudancin Landan, inda takwarorinta black midi da Squid su ma suka goge. Mutum bakwai ne: Wood da jita da murya, Luke Mark da jita ta biyu, Tyler Hyde da jitar bas, Charlie Wayne da ganguna, Lewis Evans da saksofon, Georgia Ellery da gogen Turawa, sai May Kershaw da kayan maɓallai. Kundinsu na farko, For the First Time, ya fito a Fabrairun 2021 da waƙoƙi shida kacal, ya kai mataki na huɗu a jerin cinikin Birtaniya, aka kuma sa shi cikin masu takarar lambar yabo ta Mercury. Tsarin waƙoƙinsa ba ɓoyayye ba ne. Jita ko bas kan ɗauko ɗan guntun kari ta yi ta maimaita shi, Wood yana magana a kai cikin rawar murya kamar mai ba da labarin da ke ƙona masa rai, sauran kayan suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, har a kai gaɓar da komai zai fashe da ƙara. Wannan dabara ce da aka san ƙungiyar Slint ta Amurka da ita tun 1991, kuma masu sharhi ba su gaji da nanata kamannin ba. Kershaw tana nan a kundin, amma aikinta bai wuce ƙara launi ko riƙe wani guntun kari ba. Ba a kan yatsunta aka gina ɗakin ba.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba yadda kayan kiɗan biyu ke aiki, don a ganina nan ne asirin yake. Jitar lantarki ta kiɗan rok tana bi ta na'urar ƙara sauti, kuma galibi ana dagula sautin da gangan don ya yi kaushi. Wannan kaushi yana da sharaɗi: idan aka haɗa sautuka huɗu ko biyar a lokaci guda, sai su cakuɗe su zama hayaniya, shi ya sa makaɗan rok suka saba da haɗin sauti biyu ko uku kawai. Abin da jita ta rasa ta fuskar yalwar haɗi, ta same shi ta fuskar jan numfashi, domin tana iya riƙe sauti guda na tsawon lokaci, ta lanƙwasa shi, ta sa shi kuka, kamar yadda mai goge ke zamewa tsakanin sauti da sauti yana kwaikwayon muryar mutum. Kayan kiɗa mai wannan hali yana son a tsaya wuri ɗaya a yi ta haƙa, don haka waƙar da aka gina a kansa takan samu ƙarfinta daga maimaici da hauhawar ƙara.

Piyano kuwa akasin haka yake ta kowace fuska. Tun da Bartolomeo Cristofori ya ƙera shi a Italiya wajen shekarar 1700, ƙa'idarsa ɗaya ce: ka danna maɓalli, wata 'yar guduma ta bugi tsirkiya ta koma. Da zarar an bugi sautin ya fara mutuwa, ba a iya ƙara masa ƙarfi, ba a iya lanƙwasa shi, iyaka dai a taka feda a ɗan tsawaita ransa. Mai piyano ba shi da damar tsayawa a kan sauti guda yana jan rai, dole ya matsa gaba. A madadin haka an ba shi maɓallai 88 da yatsu goma, ta yadda hannun hagu zai riƙe gindin kiɗa da bugunsa, hannun dama ya ɗauki rauji, kuma sautuka shida ko bakwai su fito a tare kowanne a sarari. Bugu da ƙari, yadda aka daidaita tazarar sautukansa daidai wa daida ya sa ana iya ƙaura daga wannan gidan sauti zuwa wancan ba tare da kunne ya ji tuntuɓe ba. Wanda ya zauna shi kaɗai a gaban piyano yana tsara waƙa, abin da ke hannunsa na ƙara mata armashi shi ne sauya haɗin sauti, sauya gida, sauya sauri, ko buɗe wani sabon babi. Idan aka tara waɗannan dabaru a waƙa guda, abin da zai fito furog ne, ko mai shi ya yi niyya ko bai yi ba. Ba mamaki ke nan da aka ga mashahuran ƙungiyoyin wancan zamani kusan kowacce tana da gwanin maɓallai a tsakiyarta, irin su Tony Banks a Genesis da Rick Wakeman a Yes.

Alamun sauyin sun bayyana tun Wood yana nan, kuma wannan shi ne abin da ke raunana hujjar masu cewa tafiyarsa ce kaɗai sanadi. An naɗi kundin farko a watan Maris na 2020, daidai lokacin da annobar korona ke rufe gidajen wasa, saboda haka yawancin waƙoƙin da suka biyo baya ba a gwada su a gaban cunkoson matasa masu jiran a kai gaɓar fashewa ba. An tsara su ne a cikin ɗaki, inda kunne ke da sukunin bin ƙananan abubuwa. Kundinsu na biyu, Ants From Up There, wanda aka naɗa a tsibirin Wight a 2021 ya kuma kai mataki na uku a Birtaniya, ya nuna Wood ya rage magana ya koma rera waƙa sosai, kuma mai rerawa yana buƙatar shimfiɗar sauti da zai taka. Piyanon Kershaw ne ya zama wannan shimfiɗa, musamman a waƙar The Place Where He Inserted the Blade, inda shi ne ke buɗe fage kuma shi ke riƙe da ita har ƙarshe. Duk da haka tsohuwar dabarar ba ta gushe ba, domin waƙar da ta rufe kundin ta haura minti goma sha biyu kuma ta ƙare ne da rugugin jita. Kundin yana tsaye ne a kan iyaka, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, kuma mai yiwuwa shi ya sa har yau shi ne masoyan ƙungiyar suka fi ɗaukaka.

Abin da tafiyar Wood ta yi shi ne ta cire abin da ke riƙe da ɗaya ƙafar. Dabarar maimaici da fashewa tana buƙatar mutum guda a tsakiya wanda damuwarsa ce ke hauhawa, wanda mai saurare zai bi numfashinsa har zuwa ihun ƙarshe. Da suka rasa shi, ba su nemo madadi ba, sai suka raba aikin: Hyde da Kershaw da Evans kowa ya kawo waƙoƙin da ya rubuta, kowa ya rera nasa. Waƙar da mutum ya kammala ƙashin bayanta shi kaɗai a gida kafin ya kawo wa 'yan'uwansa ta bambanta da wadda aka haifa a ɗakin gwaji ana ta juya kari guda. Tana zuwa da raujinta da haɗin sautinta da babukanta, aikin sauran kuwa ya zama ado da ƙawatawa. A watan Disambar 2022 suka yi wasa uku a zauren Bush Hall na yammacin Landan, aka naɗa aka fitar. Waƙar Kershaw mai suna Turbines/Pigs, wadda ta kusa minti goma, ita ce ta fi fito da sabon tsarin fili: murya da piyano su kaɗai na tsawon lokaci, sauran kayan suna laɓe, sannan a hankali su taru a bayanta. Ƙarshenta yana da ƙarfi ƙwarai, amma ƙarfin yana fitowa ne daga gudun yatsu a kan maɓallai da amon ganguna, ba daga kaushin jita ba.

Wani abin lura, ko da yake gefen zance ne, shi ne cewa babu ko ɗaya daga cikin waƙoƙin Bush Hall da ta shiga kundi na gaba. Sau biyu ke nan cikin shekara uku ƙungiyar tana ajiye jarinta ta fara daga tushe.

Forever Howlong ya fito a ranar 4 ga Afrilun 2025 a kamfanin Ninja Tune, da waƙoƙi goma sha ɗaya, ƙarƙashin kulawar James Ford, furodusan da ya yi aiki da Arctic Monkeys da Blur. Evans ya janye daga rerawa, Ellery ta shigo, muryoyin suka zama na mata uku, waɗanda kan haɗu su yi wa juna amshi a jere uku. Waƙar farko tana buɗewa da wani tsohon ɗan'uwan piyano na zamanin da, mai tsinkar tsirkiya a maimakon bugunta, kuma a cikin kundin akwai mandolin da banjo da akodiyon, har da waƙar da kusan dukkansu suka ɗauki sarewa suka busa tare. Ba kowace waƙa piyano ke ja ba, amma tunanin mai piyano ne ya mamaye ginin: ba a cika komawa amshi guda sau uku ba, sauri kan ragu ya ƙaru gwargwadon abin da baiti ke faɗa, kuma waƙa kan fara a wani gida ta ƙare a wani. Jitar Luke Mark, wadda da ita ake fasa ɗaki a da, ta koma mai saƙa ƙananan zare a gefe. Wannan ma yana da dalili na zahiri, domin piyano da jita da muryar mutum duk a tsakiyar ma'aunin sauti suke zaune, kuma idan aka bar su su yi ƙara tare sai su danne juna. Dole ɗaya ya ja baya, kuma a wannan karon jita ce ta ja.

Ra'ayin masu saurare ya rabu, kuma bai kamata a yi watsi da ɓangaren masu ƙorafi ba. Abin da suke cewa sun rasa gaskiya ne. A kundin farko akwai wani zullumi, kamar waƙar na iya wargajewa a kowane lokaci, kuma wannan zullumi shi ne ya sa matasa suka ji ana magana da yawunsu. Sabon kiɗan ba ya wargajewa, an auna komai an ɗinke shi da kyau, har wani lokaci ƙwarewar kan yi yawa ta tsaya tsakanin mai waƙa da mai saurare. Akwai wuraren da sauye-sauyen ke zuwa da sauri ta yadda kafin kunne ya saba da rauji an riga an wuce shi, kuma wannan tsohon ciwon furog ne tun zamanin Yes. Amma masu neman a dawo da tsohon salo suna neman abin da ba zai yiwu ba ne. Zullumin nan ba na jita ba ne kawai, na mutum ne takamaimai, wanda kuma ya fito fili ya ce nauyin ya fi ƙarfinsa. Da wata daga cikin matan uku ta ɗauki irin muryarsa ta yi ta kwaikwayo, da abin ya zama wasan kwaikwayo marar daɗi. A ganina sun zaɓi hanyar da ta fi gaskiya, ko da ba ita ce ta fi kawo tafi ba, kuma inda kundin ya yi nasara, kamar a dogayen waƙoƙin Kershaw da Hyde da ke ba da labari daki-daki, ya kai wani wuri da tsohuwar dabara ba za ta iya kai shi ba, wato ya sauya yanayi sau uku ko huɗu a waƙa guda ba tare da ya ɗaga murya ba.

Sai kuma batun ko wannan kiɗa ya cancanci a kira shi furog da gaske. Ta fuskar gini, babu shakka. Ta fuskar hali kuwa akwai bambanci babba, domin furog na shekarun 1970 fagen nuna bajinta ne, inda kowane gwani ke samun mintunansa shi kaɗai yana baje kolin saurin hannu. A wurin Black Country, New Road da wuya ka ji wani ya keɓe yana nuna kansa, wahalar tana cikin yadda mutum shida ke shiga da fita a kan lokaci. Ta nan sun fi kusa da reshen furog da ya jingina da waƙoƙin gargajiyar karkarar Ingila, da kuma mawaƙa irin su Joanna Newsom ta Amurka masu dogayen waƙoƙin labari. Ba su kaɗai suka bi irin wannan hanya ba. These New Puritans sun fara da jita mai kaifi a 2008, amma zuwa 2013 kundinsu Field of Reeds ya koma kan piyano da kayan busa, haka ma black midi ta ƙara nutsewa cikin sarƙaƙƙen kiɗa kafin ta watse a 2024.

Akwai dalili na zamantakewa a ƙarƙashin wannan duka. Tsarar da ta yi tawayen 1977 ta tashi ne tana ganin furog a matsayin kiɗan masu kuɗi da manyan kamfanoni, saboda haka ƙin sa ya zama alamar ɓangaren da mutum yake. Waɗanda aka haifa a ƙarshen shekarun 1990 ba su gaji wannan gaba ba. Sun sami kundin Genesis da na Buzzcocks a waya guda ta intanet, ba tare da wani ya ce musu sai sun zaɓi ɗaya ba. Ƙari a kan haka, Kershaw da Ellery da Evans duk sun yi karatu a makarantar kiɗa ta Guildhall da ke Landan, sun san rubutun kiɗa da ƙa'idojin haɗa sauti, Ellery da Evans kuma sun taɓa kiɗan kilezma na Yahudawan gabashin Turai, wanda aka ji tasirinsa tun a kundin farko. Ilimin yana nan tun ranar farko, tsarin waƙoƙin ne bai ba shi fili ba. Wannan ya sa wasu ke ɗaga tambayar da ta wuce kan ƙungiya guda, wato ko kiɗan indi na Birtaniya yana komawa hannun waɗanda iyayensu suka iya biyan kuɗin darasin piyano tun suna yara. Jita mai araha yaro na iya koyonta shi kaɗai a ɗakinsa cikin 'yan watanni har ya kafa ƙungiya, amma irin hannun da ake buƙata don kaɗa waƙar Turbines/Pigs sai an shafe shekaru ana horo a gaban malami, kuma piyano na gaske kaya ne mai nauyin ɗaruruwan kilo da ƙaramin dandamali irin na Windmill ba a gina shi dominsa ba.